Yadda za ku koya wa yara sanin bishiyoyi da 'yan wasannin hannu

Yaro ɗan shekara shida a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa kullum yana shan miyar kuka, yana shan kunun tsamiya da azumi, amma ka tsayar da shi gaban bishiya ka ce meye wannan sai ya ce maka "bishiya ce". In ya yi ƙoƙari ya gane darbejiya da mangwaro, shi ke nan. Kuma faɗa masa suna da baki kawai ba ya zama, gobe ya manta. Abin da ya taɓa da hannunsa ya ƙera wani abu da shi, wannan ne yake riƙewa. Toh ga yadda ake yi, ko kai malamin firamare ne ko uwa ko yayar gida, ba sai an kashe ko sisi ba.

Ku fita da hantsi ko bayan la'asar, yara kar su wuce bakwai takwas in ke kaɗai ce babba. Kowa da takalminsa saboda ƙayar aduwa da bagaruwa, kowa da ɗan faifai ko tsohon kwano. Doka ɗaya ce, abin da ya faɗo ƙasa ake tsinta, ba hawa ba jifa. Kuma a fara tona busasshen ganye da kara kafin a sa hannu, kunama tana son wajen. Tun a ranar farko ki nuna musu waɗanda ba a taɓawa: tumfafiya, farin ruwan nan nata in ya shiga ido masifa ne, sai cini da zugu da zurman waɗanda 'ya'yansu guba ne kuma ƙananan yara komai baki suke kaiwa. Sannan ɗorawa da kukar da ke cikin gona suna da masu su, ku koya musu sallama da neman izini, "Baba don Allah za mu tsinci 'ya'yan da suka zubo", wannan ma karatu ne.

In an dawo gindin inuwa sai a baje tabarma. Gam ba sai kun saya ba, ƙaro za ki jiƙa a ɗan ruwa ya kwana, shi ɗin dai da malamai suke sawa a tawada, daga jikin dakwara yake fitowa kuma in akwai ta kusa ku je su gan shi maƙale a reshe. A yanka tsohon kwalin taliya ko bayan kalanda, kowane yaro ya manna ganye kala uku ko huɗu. Kar ki yi saurin faɗa musu bambancin, tambaya za ki yi. Wanne ne mai ƙananan ganye jere biyu-biyu? Tsamiya. Wanne ne bakinsa tsaga-tsaga kuma in ka murza shi ɗaci? Darbejiya, wadda wasu ke ce wa dogon yaro ko maina, ita baƙuwa ce ma daga Indiya aka kawo ta. Na kuka a buɗe yake kamar tafin hannu da yatsu biyar, wani har bakwai. Na kalgo kuwa a rabe yake gida biyu, yaro in ya gani sau ɗaya ba ya ƙara ɓata masa. Wanda ya fara rubutu ya rubuta sunan a ƙasa, da boko ko ajami duk ɗaya.

Ɓawo kuma da gawayi ake yinsa. A ɗora takarda a jikin bishiya a goga gawayi a hankali, na tsamiya zai fito da tsage-tsage, na kuka sumul. Minti biyar ya isa, sun fi son na gaba.

Na gaban shi ne laka. A kwaɓa yumɓu a yi 'yan faifai-faifai, a danna 'ya'yan tsamiya, kalwa wato 'ya'yan ɗorawa, ƙwallon magarya, ƙwallon goriba, a shanya a rana. Washegari a juye su a ce kowa ya canki 'yar wace bishiya ce ta bar wannan rami. Wallahi gardamar da za su yi a kai ta fi darasin aji daɗi. In sun kama kalwa sai ki ce su je su tambayi Inna ko Gwaggo me ake yi da ita, za su dawo da labarin daddawa, wata tsohuwar ma har ta ƙara musu da makuba da ake shafe daɓe da katanga. Ni a ganina tsofaffin matan nan su ne littafin, ke dai turawa ce taki. Ƙoƙon 'ya'yan kuka ma kar a yar, a kankare gashin bayan da yashi don yana ƙaiƙayi, a huda a kwashe garin a sha, a zuba 'ya'yan tsamiya a toshe da tsumma, an samu abin kaɗawa.

Masu shekara takwas zuwa sama a ba su kaba a jiƙa ta su koyi tufka da ɗan zobe ko mafici. Yawancinsu ba su san kabar nan ganyen ƙaramar goriba ba ce, ku kai su fadama su ga uwar mai rassa da 'ya'yanta a ƙasa.

Amma wanda na fi so a daɗe a kai gawo ne. Ku zaɓi gawo ɗaya a bakin gona, yara su zana shi a watan Agusta, tsirara ba ganye alhali ko'ina kore shar, a ajiye takardun. A watan Janairu da sanyi a koma su sake zanawa, ga shi ya cika da ganye alhali bishiyoyi da yawa sun zubar. A jera zanen biyu a tambaye su me ya sa manomi ba ya sare shi. Da kansu za su gano cewa ba ya tare wa gero rana da damina, ganyen da ya zubar taki ne, dabbobi suna kwana a inuwarsa da rani su bar kashi, 'ya'yansa kuma awaki da tumaki rububinsu suke. Yaron da ya gano wannan da bakinsa ba sai an yi masa wa'azin kwararowar hamada ba.

Ragowar irin da aka tsinto a shuka shi a ledar fiya wata, a huda ƙasanta a cika da ƙasa da ɗan taki. Na tsamiya a jiƙa shi ya kwana, na kuka ɓawonsa tauri gare shi, sai an ɗan goga shi a dutse ko an zuba masa ruwan zafi ya kwana a ciki, na darbejiya kuwa sabo ake shukawa don in ya daɗe ba ya fitowa. Kowa ya sa alama a ledarsa ya riƙa ba ta ragowar ruwan alwala. In damina ta zauna wajen watan Yuli sai a yage ledar a dasa, nesa da katanga da rijiya, a kewaye da ƙayar magarya sosai don akuya ba ta barin dashe.