Filen Sabo ko Tsohon da Aka Gyara: Yadda Kafinta Zai Zaɓa

Duk kafintan da ya daɗe a sana'a ya san cewa injin share katako ba ya raba shi da filen na hannu, wato abin share katako mai wuƙa a ciki da ake turawa da hannu, domin idan ƙofa ta kumbura da damina tana cijewa a jikin firam, ko aka ɗauke wuta alhali mai aiki yana jiran kayansa, filen ɗin nan ne ake ɗaukowa. Matsalar tana tasowa ne ranar saye, lokacin da mutum ya tarar da sabo fil a cikin kwalinsa, ga kuma tsoho da aka kankare masa tsatsa aka ajiye a gefe, kuɗinsu bai wani bambanta ba. Ra'ayina shi ne tsoho mai asali, wanda mutum ya riƙe a hannunsa ya bincika, ya fi sabo mai araha, amma sai an san abin da ake dubawa.

Yawancin filen na ƙarfe da ke hannun kafintocinmu ƙira ɗaya ce, wadda wani Ba'amurke mai suna Leonard Bailey ya fito da ita, kamfanin Stanley na garin New Britain a jihar Konetikat ya sayi haƙƙinta a 1869. Kamfanin Record na birnin Shefild a Ingila ya fara yin irinta a 1931, Stanley ma daga baya ya riƙa ƙera nasa a wannan birni, shi ya sa tsofaffin da ake tsinta a wuraren 'yan gwangwan da 'yan kayan aiki, irin su Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kasuwar Katako a Yamai, da yawansu suna ɗauke da tambarin Ingila. Lambar da ke jikin filen girmansa take nunawa. Lamba 4 tsawonsa kamar inci 9 ne, aikinsa sharar ƙarshe mai santsi. Lamba 5 inci 14 ne, shi ne jakfilen da ke shiga kowane aiki, lamba 7 kuwa inci 22 ne, ana miƙar da gefen dogon katako da shi kafin a haɗa. Wanda zai sayi guda ɗaya tak, lamba 5 ya kamata ya fara nema.

Sababbin filen kashi biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce. Akwai masu tsada irin na Lie-Nielsen da ake yi a jihar Men ta Amurka da na Veritas daga Kanada, waɗanda ake zuba jikinsu da ƙarfe mai jure faɗuwa, wuƙarsu mai kauri ce, tafinsu kuma, wato ƙasan da ke gogar katako, a miƙe yake tun daga masana'anta, ba abin da ya rage wa mai saye sai ɗan wasa baki. Ba ni da abin suka a kansu sai kuɗi, domin idan aka haɗa farashi da kuɗin jigila da canjin dala, filen ɗaya zai iya cinye jarin ƙaramin shago. Sai kuma masu arahar da suka cika kasuwa, masu mariƙin roba da fenti mai sheƙi. A cikinsu ana dacewa da mai kyau, amma sau da yawa tafin a karkace yake, mazaunin wuƙa bai zauna daram ba, wuƙar kuma ba ta riƙe kaifi, ta yadda bayan shara kaɗan a kan madaci ko iroko sai ta dakushe. Irin wannan sabo yana buƙatar duk wahalar da tsoho ke buƙata, kuma bayan an gama wahalar ƙarfensa ba ya kai na tsohon.

Idan ka tsaya gaban tsohon filen, fara da gangar jikinsa, domin ita ce kaɗai ɓangaren da ba a canzawa. Tsofaffin nan da zubabben ƙarfe aka yi su, wanda yake da gautsi, idan ya faɗi a kan siminti yakan tsage, kuma tsagar ta fi fitowa a gefen kafar da wuƙa ke leƙowa, inda ƙarfen ya fi siranta. Ka cire wuƙar da duk abin da ke cirewa, ka goge wurin da tsumma mai ɗan kananzir, ka duba shi a cikin hasken rana. Idan ka ga tsaga ko alamar walda, ka ajiye shi komai araharsa, saboda zafin walda yakan murɗe jikin. Na taɓa sayen lamba 5 da aka shafe da baƙin fenti har yana ɗaukar ido, ban ga tsagar da ke gefen kafar ba sai bayan mako biyu, da fentin ya fara ɓarewa wajen aiki. Tun daga lokacin nake tsoron fenti mai kauri fiye da tsatsa, domin tsatsa ba ta ɓoye komai.

Bayan jiki sai tafi. Ka ɗora rula ta ƙarfe mai miƙe a kansa ta tsawo, ka ɗaga su zuwa haske. Ba dole ba ne tafin ya taɓa rular ko'ina, abin da ake so shi ne wurare huɗu su zo daidai: gaba, da dab da kafar wuƙa ta gabanta, da bayan kafar, da kuma can ƙarshe. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne gaban kafar, domin shi ke danne katako kafin wuƙa ta ɗaga shi, idan kuwa ya cinye ya yi kwari, filen zai riƙa fizgar katakon yana barin tabo. Ɗan lanƙwasa kaɗan yana gyaruwa: a shimfiɗa sanfefa mai lamba 80 a kan gilashi mai kauri, a zana layuka a tafin da alƙalamin maka mai kaurin baki, a bar wuƙar a ɗaure amma a janye ta ciki, a goga har layukan su ɓace a wuraren nan huɗu, sannan a bi da mai lamba 120 da 220. A lamba 4 aikin yini ɗaya bai kai ba. A lamba 7 kuwa wahalar tana da yawa ƙwarai, shi ya sa dogon filen mai karkataccen tafi bai cancanci a saye shi ba.

Wuƙar ita ma a juya ta a duba bayanta, wato fuskar da ba a wasawa a karkace. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma idan ta ci rami-rami kusa da baki, duk wasan da za a yi bakin zai fito da giɓi, kuma giɓin zai bar layi a kan katako. A duba kuma tsawon da ya rage tsakanin baki da doguwar hudar da ke tsakiyar wuƙar, domin wadda aka shekara da shekaru ana wasawa takan kusa ƙarewa. Wannan bai hana saye ba, tunda ana samun sabuwar wuƙa mai faɗin inci 2 da za ta shiga lamba 4 ko lamba 5, sai dai a cire kuɗinta a cikin ciniki. Ƙarfen da ake ɗaurawa a kan wuƙar don ya karya ɓawon katako ya kamata bakinsa ya kwanta a kanta ba tare da haske ya ratsa ba, in ba haka ba ɓawon zai riƙa cusawa a tsakani yana toshe kafar.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna iya hana aiki. Mazaunin wuƙa, wanda Turawa ke kira kwaɗo, yana riƙe ta a karkace digiri 45, kuma tilas ne ya zauna ba motsi idan an ɗaure sukurorinsa biyu. Ƙaramar tayar tagulla da ke tura wuƙa gaba da baya ta juya ba tare da cijewa ba, sandar da ke karkatar da wuƙa dama da hagu kuma ta kasance tana nan. A ƙirga sukurori da kyau, domin zaren sukurorin tsohon Stanley ba irin wanda ake samu a shagon noti ba ne, wanda ya ɓata samun madadinsa aiki ne. Mariƙin katako da ya tsage, abin da bushewar hunturu ke jawowa, bai kamata ya tsorata kafinta ba, tunda zai iya liƙe shi da gam ko ya sassaƙa wani.

Idan mai sayarwa ya ce shi ya gyara filen ɗin kuma ya sa kuɗin gyaran a cikin farashi, to haƙƙinka ne ka gwada. Ka tafi da guntun katako irin wanda kake aiki da shi, ka janye wuƙar ciki, ka riƙa fito da ita kaɗan kaɗan har ta fara ci. Filen da aka gyara da gaske zai fitar da ɓawo siriri, mai faɗi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, yana nannaɗewa da kansa, kuma ba zai riƙa tsalle yana karkarwa ba. Ga almajirin da bai taɓa jin yadda filen mai kyau ke tafiya ba, na fi so ya je da maigidansa ko wani tsohon hannu, domin wanda bai san daidai ba zai yi wuya ya gane inda kuskure yake, kuma zai iya ɗora wa kansa laifin da na kayan aiki ne.

Ko wanne ka ɗauka, ka ware kuɗin dutsen wasa a cikin lissafi tun farko, mai fuska biyu, kaushi da laushi. Ana gyara bayan wuƙar ya kwanta sumul a kan dutsen, a wasa bakin a kan digiri 25, a ƙarasa ɗan gefen ƙarshe a kan digiri 30. Da damina kuwa, a riƙa shafa wa tafin da wuƙar ɗan mai bayan an tashi daga aiki, a ajiye filen ɗin nesa da ƙasa mai danshi.