Yadda Ake Auna Gadon da 'Yan Fab Five Suka Bari

Duk mai son fahimtar abin da matasan nan biyar da ake wa laƙabi da Fab Five suka bari a ƙwallon kwando ta Amurka, kada ya fara da ƙirga kofuna, domin ba su taɓa ɗaukar kofin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba. Chris Webber, Jalen Rose, Juwan Howard, Jimmy King da Ray Jackson sun shiga Jami'ar Michigan a 1991 ƙarƙashin koci Steve Fisher, suka kai wasan ƙarshe sau biyu a jere, Jami'ar Duke ta doke su a 1992, Jami'ar North Carolina ta sake yin hakan a 1993.

Ka fara da kallon bidiyon wasannin jami'o'i na ƙarshen shekarun 1980, ka lura da matsattsun gajerun wanduna da fararen safa da yawancin 'yan wasa ke sawa. Sannan ka kalli wasansu da Jami'ar Notre Dame na Fabrairun 1992, ranar da aka fara wasa da su biyar tare, dukkansu 'yan shekarar farko, kuma su kaɗai suka ci wa Michigan maki. Ka dubi burmemen wando mai sauka har gwiwa da askin ƙwal-kwabo, ka kuma bi su zuwa kaka ta biyu ka ga baƙaƙen safa da takalma. Abin da manya suka kira rashin kunya a lokacin, shi ne yaran unguwannin Detroit da Chicago suka gani a matsayin kamanninsu, kafin a jima kuma ya zama shigar kowa.

Kada ka tsaya kan kuskuren Webber na neman hutun tsayar da wasa alhali damar hutun tawagarsa ta ƙare, saura daƙiƙa 11 a wasan 1993, ko da yake shi aka fi tunawa.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne batun kuɗi. Jami'a da kamfanoni sun sayar da riguna da sunan tawagar, alhali dokar NCAA ta lokacin ta hana 'yan wasan samun ko kwabo. Da aka gano cewa Ed Martin, wani mai mara wa tawagar baya, ya ba Webber kuɗi, jami'ar ta sauke tutocin girmama tawagar a 2002, ta kuma soke sakamakon wasannin da abin ya shafa. Ka ajiye wannan hukunci gefe guda, ka kwatanta shi da Yulin 2021, lokacin da NCAA ta bar ɗalibai su ci moriyar sunansu da hotonsu.