Guduma da Baƙin Mai Ba Kayan Gyaran Keken Tsere Ba Ne

Mu nan gefen Gaya, duk wanda ya iya keke a kan Raleigh ko Phoenix ya koya. Keken da ake ɗora wa buhun masara, a rataya jarka biyu a kariya. In hannun fedarsa ya fara karkaɗawa, mai gyara zai ɗauko guduma ya buga wa ƙusar da ke riƙe da shi sau biyu ko uku, ya ja noti, ka hau ka tafi. Yanzu samari sun koma sayen keken tsere na gwanjo, mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya, da shi suke zuwa makaranta, da shi suke zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a. Keke ya sauya, amma har yau gyaran Raleigh ake yi masa, kuma inda abin ya fi yin ɓarna shi ne tsakiya: faranti mai haƙoran da kaca ke hawa, hannuwan feda biyu, da sandar da ta haɗa su tana juyawa a kan boris.

Babban kuskure shi ne ci gaba da hawa bayan hannun feda ya saki. Yawancin kekunan gwanjon nan bakin sandarsu mai kusurwa huɗu ne, na ƙarfe, hannun fedar kuwa alminiyam ne. Da ya ɗan saki, kowane taku ƙarfen nan yana cin alminiyam ɗin, har ramin ya buɗe ya daina kamawa. Daga nan ko wa ya ɗaure, kwana biyu zai sake kwancewa. Na ga yaro ya kawo irin wannan yana cewa mai gyara, "Baba, a ɗan buga masa guduma mana." Dattijon ya girgiza hannun fedar, ya ce, "Ɗana, wannan ya riga ya mutu, sai dai a nemo wani." Da tun ranar da ya ji motsin ya sauka ya ɗaure, da alanki mai lamba 8 ko soket mai lamba 14 ya wadatar. Cire shi ma da ɗan abin zaro hannun feda ake yi, wanda ake murɗawa cikin zaren ramin ya turo shi waje. Guduma kuwa boris take farfasawa.

Akwai wani samfurin, irin na Shimano da ake kira Hollowtech II, wanda sandarsa a manne take da faranti, hannun hagu kuma ƙananan notuna biyu ne ke matse shi. Ana ɗaure su ne bi da bi, a ɗan ja wannan a ɗan ja wancan, har su daidaita. Murfin robar da ke gefe da ƙarfin yatsa kawai ake murɗa shi. Wanda ya danne shi da ƙarfi ya shaƙe boris. Kuma mai sayen na gwanjo ya duba bayan hannun feda da kyau: a shekarar 2023 kamfanin ya yi kira a maido wasu hannuwan fedarsa samfuran Ultegra da Dura-Ace da aka ƙera kafin Yulin 2019 a duba su, saboda mahaɗinsu na iya ɓallewa. In ka ga tsaga ko wurin da ya buɗe baki, kada ka hau.

Fedar hagu kuma zarenta a juye yake. Ta dama ana ɗaure ta yadda aka saba, ta hagu kuwa akasin haka. A jikinsu akwai harafin L da R. Fara murɗawa da hannu, da ɗan giris, sai ta shiga sumul kafin ka sa sifana mai lamba 15. Wanda ya tura ta da ƙarfi a karkace ya cinye zaren, hannun feda ya tashi aiki.

Sai maganar giya, wadda ni a ganina girman kai ne ya fi yawa a cikinta. Babban farantin keken tsere haƙora 53 gare shi, ƙaramin 39, wasu kuma 50 da 34. In ka ɗora kaca a kan 53 a gaba da mai haƙora 11 a tayar baya, juyi ɗaya na feda zai kai ka kusan mita 10. Wannan giyar 'yan tsere ce a kan kwalta mai santsi. Amma za ka ga saurayi ya baro ƙauye a kan burji, iskar hunturu na dukan ƙirjinsa, ya miƙe tsaye yana danna babban faranti kamar mai sussuka, wai kada a ce ya gaza. Gwiwarsa ce ke biya, haƙoran faranti da kaca su ma suna biya. Ƙasarmu ba tudu sosai, iska da rairayi su ne tudunmu, kuma domin su aka yi ƙaramin faranti. Sauko kansa, ka bar ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi, kamar sau 80 zuwa 90 a minti. Ka sauya giya tun kafin ka shiga rairayin, kana sassauta taku lokacin da kacar ke tsallakawa. Kada kuma ka haɗa babba a gaba da babba a baya, kacar karkacewa take yi tana goga.

Baƙin mai shi ne mugun da ake yi wa kallon masoyi. Arha gare shi, kaca kuma tana yin shiru in an zuba. To amma ƙurar hunturu na manne masa, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa yana cin haƙora. Wanke kacar da kananzir da tsohon buroshi, bar ta ta bushe, ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, sannan ka goge na waje da tsumma har ya zama kamar ba a sa ba. Da damina, in ka ratsa fadama ruwa ya kai tsakiyar keke, a buɗe a duba giris. Kuma a daina kai shi wurin wankin mota, ruwan injin nan kutsawa yake cikin boris ya kore giris ɗin.

Tsohuwar kaca ita ke kashe faranti. Auna da tef ɗin tela: daga fil ɗaya zuwa na 24 a gabansa inci 12 ne cif a sabuwar kaca. In ya zarce da abin da ido ke iya gani, sauya ta tun haƙoran faranti ba su zama ƙugiya ba, don kuɗin kaca bai kama ƙafar na faranti ba, kuma farantin da zai dace da ramukan notin naka ba a kowace rumfa ake samunsa ba, wani lokaci sai an shiga Kano.

Ƙarar "ƙyas-ƙyas" da ake ji a kowane taku ba lallai daga tsakiya take ba. Kafin a kwance komai, miƙe tsaye ka taka. In ta ɗauke, sirdi ne. In tana nan, duba feda da ƙananan notunan da ke riƙe faranti, sannan ka kama hannun feda ka girgiza shi ciki da waje ka ji ko boris ne ya yi wasa.