Kurakuran da ake yi wajen gane tsohuwar mota a hoton gida

Akwai wani hoto fari da baƙi da muka daɗe muna ajiye da shi, kakana na tsaye ya dafa wata mota, kowa a gidan ya haƙiƙance Peugeot 404 ce, nima haka na taso ina faɗa. Sai ranar da na zauna na ƙura mata ido sosai naga ai babu tambarin zaki a tsakiyar ragar gaban, ashe Austin Cambridge ce. Kuma ba laifin kowa bane, kamfanin zane ɗaya ne, Pininfarina na Italiya, ya zana 404 ɗin da ta fito a 1960 ya kuma zana Austin Cambridge da Morris Oxford na 1959, shi yasa daga nesa kamar an tsaga kara.

Toh kuskuren da ya fi yawa kenan, mutum ya kalli siffar mota gaba ɗaya ya yanke hukunci. Motocin da aka ƙera a zamani ɗaya kama suke da juna, musamman na shekarun 1920 da 1930 da duk kusan akwati ne a kan taya huɗu. Kuma duk baƙar tsohuwar mota mai siraran tayoyi sai kaji ance Ford Model T ce. Eh an ƙera kusan miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, amma ba ita kaɗai bace a titi. Gyaran shine ka bar kallon bodi ka koma kan ƙananan abubuwa: siffar lagireto ko ragar gaba, inda fitila ta zauna, yankan iska na gefen bonet, ta ina ƙofa take buɗewa, marfin taya, bamba. Ni sai abu uku sun yarda da juna kafin in kira sunan mota. In mota ce ta masu hali ta kafin yaƙin duniya na biyu ma bodin ba zai taimake ka ba sam, don irin su Rolls-Royce ƙashin mota da inji kawai suke sayarwa, wani kamfani daban ne zai gina bodin, kaga sai dai ka bi lagireto.

Na biyu wanda yake min ciwo wallahi shine a mayar da shekarar mota shekarar hoto. An gano motar 1955 ce shikenan sai a rubuta a bayan hoto cewa 1955 aka ɗauka, daga nan a fara lissafin shekarun kaka da na yaran da ke jikinta, duk lissafin ya karkace. Mota abu ɗaya take gaya maka, cewa ba a ɗauki hoton kafin a ƙera ta ba. Amma zata iya yin shekara goma ko ashirin a hannu kafin ranar. Duba ko fenti ya koɗe, ko akwai lotsawa, ko taya ta sha hanya, sannan ka leƙa bayan mutanen ko akwai wata mota da ta fi ta sabunta, ita ce zata matso da kai kusa da gaskiya. Rubutun hannu na bayan hoto shima ka riƙe shi da taka tsantsan, sau da yawa bayan shekaru aka rubuta shi daga abin da aka tuna. Hatimin masu wanke hoto ya fi shi ƙarfi, duk da shima ranar wanki yake nunawa ba ranar ɗauka ba.

Sannan akwai motocin da aka daɗe ana ƙera su da fuska kusan ɗaya, sai mutum ya gane sunan ya tsaya nan alhali aikin bai ƙare ba. Volkswagen Beetle har 2003 ana ƙera ta a Meziko. Hindustan Ambassador ta Indiya, wadda asalinta Morris Oxford ce ta shekarun 1950, sai 2014 aka daina. A Amurka kuma an dakatar da ƙera motocin farar hula a farkon 1942 saboda yaƙi, da aka dawo yawancin na 1946 zuwa 1948 na 1942 ne aka ɗan canza musu raga da kwalliya. Irin waɗannan sai ka san abin da ya canza da shekarar da ya canza. Beetle gilashin bayanta rabe yake gida biyu har 1953, daga nan ya koma guda ɗaya mai siffar ƙwai har 1957, sai babba mai faɗi ya biyo baya. Morris Minor gilashin gabanta biyu ne da ƙarfe a tsakiya har 1956. Land Rover ta farko ta 1948 fitilunta a bayan raga suke, kuma sai wajen 1968 zuwa 1969 fitilun suka bar tsakiya suka koma gefe, a 1971 raga ta koma ta roba. Ita kanta Model T lagiretonta na tagulla ne mai ƙyalli har 1916, daga 1917 ya koma baƙi. Kaga da gilashi ɗaya ko fitila ɗaya ka rage shekara talatin zuwa huɗu.

Amma fa kar ka jingina da alama ɗaya tak, tsohuwar mota kanikawa sun sha taɓa ta, an canza bamba, an ɗauko fitilar wata an saka, tambarin bonet ma wasu sayowa suke su liƙa don ado. Abin da ke da wuyar canzawa shi zaka fi yarda da shi, wato yankan ƙofofi, siffar tagogi da rufin.

Maganar sitiyari kuma, mutane na ganinsa a dama sai suce ai motar Ingila ce. Ka fara tabbatarwa ba a kifa nagatif ba lokacin wanki, in haruffan lambar mota ko na wani allo sun juya toh hoton ne a juye. Bayan haka motocin Amurka da yawa na farko farko sitiyarinsu a dama yake, kuma kamfanoni na ƙera mota da sitiyari ko wane gefe gwargwadon ƙasar da za a kai ta. Lambar motar kanta shekarar rajista take nunawa in ma ta nuna, a Birtaniya misali sai 1963 aka fara saka harafin shekara a ƙarshen lamba.

Launi kam ka manta da shi a hoto fari da baƙi. Tsohon fim na da can ja yana fitar da shi kamar baƙi, shuɗi kuma ya yi haske, don haka "ai baƙa ce" ba hujja bace.

Dan Allah kuma a daina ɗaukar hoton da waya a karkace, fitila na ƙyalli a kai, a tura ta WhatsApp ya matse shi sannan ace a gano mota. A saka shi a sikana, aƙalla dpi 600 (dpi shine ma'aunin kaifin hoto a sikana), in ƙarami ne 1200, gaba da baya, kar a yanke gefuna, a tura shi a matsayin fayil. Manhajojin nan masu gyara hoto da saka kala su ne suka fi ɓata aiki, inda basu gani ba ƙirƙira suke, sai su zana tambarin da babu shi ko su canza haruffan lamba. Google Lens, manhajar da ke gane abu daga hoto, zaka iya farawa da shi ya baka sunaye biyu uku, sai kai ka nemo hotunan talla na kamfanin na wannan shekarar ka jera su kusa da naka daga kusurwa ɗaya.

Wani abu kuma da ba a so a ji, tsayawa kusa da mota baya nufin ta mutum ce. Zata iya zama ta wurin aiki, ta aboki, ko ma ta mai hoto da ya ajiye don masu ɗauka. In akwai dattijo da ya rage a gidan, kai masa hoton ka tambaye shi me ya tuna game da ranar, kar ka fara faɗa masa sunan motar da kake zato, don in ka faɗa zai iya amsa maka da eh kawai. Ka bari ya fara magana tukuna, ka rubuta abin da yace a takarda daban tare da ranar da ya faɗa.