Darasi na Bakwai: Matatar Ruwa a Gida da Yadda Ake Kula da Ita

Ku ɗebi ruwa a kofin gilashi ku ɗaga shi wajen haske. Idan da laka ko ɗan datti a ciki, ido zai gani. Amma abin da ke kawo kwalara da taifot da atini, ido ba ya ganinsa. Ruwa yana iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da suka fito daga bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutane aƙalla biliyan 1.7 ne ke ɗiban ruwan sha daga wurin da kashi ya gurɓata.

A shekarar 1892 kwalara ta ɓarke a birnin Hamburg na ƙasar Jamus, ta kashe mutum fiye da 8,000. A lokacin garin Altona yana manne da Hamburg, kogi ɗaya suke sha, wato kogin Elbe. Altona ma daga ƙasan kogin take ɗiba, bayan ƙazantar Hamburg ta riga ta shiga ruwan. Duk da haka cutar ba ta yi wa Altona irin ɓarnar da ta yi wa Hamburg ba, domin Altona tana bi da ruwanta ta cikin yashi kafin ya isa gidaje, Hamburg kuwa ba ta tacewa. Matatar da za mu yi magana a kanta ƙaramin samfuri ce ta wannan aiki, wadda ake ajiyewa cikin gida.

Kafin tacewa

Idan ruwa ya yi laka sosai, kada a zuba shi kai tsaye cikin matata, zai toshe ta da wuri. A bar shi cikin bokiti ya kwanta, a tsiyaye na sama a hankali, a zubar da na ƙasa. Daga nan a bi da shi ta farin ƙyalle mai tsabta wanda aka ninka sau huɗu ko fiye. Kada a raina ƙyalle. Yana tare ƙananan ƙwarin ruwa masu ɗauke da kurkunu, kuma a ƙauyukan Bangladesh an gwada tace ruwa da ninkakken zane, masu kamuwa da kwalara suka ragu da kusan rabi. Sai dai ƙwayoyin cuta da yawa suna ratsa shi, don haka matakin farko ne kawai. A wanke ƙyallen bayan kowane amfani, a shanya a rana ya bushe sarai.

Matatar yumɓu

Wannan tukunya ce da ake ɗorawa a bakin bokiti mai murfi da famfo. Wani masani ɗan ƙasar Gwatamala mai suna Fernando Mazariegos ne ya ƙirƙiro ta a 1981. Ana cuɗa yumɓu da garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa, a gina tukunya, a gasa. Wuta ta cinye garin katakon, sai ya bar ƙananan ƙofofi a jikin tukunyar. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, datti da yawancin bakteriya su maƙale. Akan shafa mata ruwan azurfa domin ya taimaka wajen kashe ƙwayoyin da suka shiga. Akwai kuma irinta mai kama da kyandir, wadda ake ɗaurewa tsakanin mazubi biyu, na sama da na ƙasa. Aikinsu iri ɗaya ne.

Tukunya mai lafiya tana tace kamar lita 1 zuwa 3 a awa guda. Mutane da yawa suna ƙosawa da wannan ɗiga-ɗiga, amma jinkirin shi ne alamar tana aiki. Ranar da kuka ga ta fara zuba da sauri fiye da yadda ta saba, kada ku yi murna. Ta tsage ke nan, ko kuma robar da ke gindin kyandir ɗin ta saki, ruwa yana bi ta gefe ba tare da an tace shi ba. Tsagar tana iya zama siririya kamar gashi. Tukunyar da ta tsage ba ta gyaruwa da siminti ko gam, sai dai a sauya ta.

Idan kuma ɗigar ta ragu sosai, laka ce ta toshe ƙofofin, lokacin wanki ya yi. A fara wanke hannu da sabulu. A ɗaga tukunyar ta bakinta, a ɗora a kan faranti mai tsabta, ban da ƙasa. A goge cikinta da burushi mai laushi wanda ba a amfani da shi wajen wani aiki, a ɗauraye da ruwan da aka tace ko aka tafasa. Sabulu ba ya taɓa tukunyar, domin yana shiga ƙofofin ya ɓata ɗanɗanon ruwa. Bayan tukunyar kuwa, inda tsabtataccen ruwa ke fitowa, kada hannu ya taɓa shi, kada kuma ɗanyen ruwa ya fantsama masa. Nan ne aka fi yin kuskure: mutum ya wanke ciki fes, sannan ya ɗauraye bayanta da ruwan rijiya, ya mai da cutar daidai inda ake gudunta. Bokitin ƙasa da famfonsa su ne ake wankewa da sabulu. Kowane wanki yana ɗan cin jikin yumɓun, saboda haka ba kullum ake yi ba, sai buƙata ta taso. Yawanci ana sauya tukunyar bayan shekara 2, ko kamar yadda masu yin ta suka rubuta.

Matatar yashi

Dogon mazubi ne na kankare ko roba, tsakuwa a ƙasa, lallausan yashi a sama, da faranti mai huji-huji wanda ruwa ke bi ta kansa don kada ya tone yashin. David Manz na Jami'ar Calgary a Kanada ne ya tsara ta domin gidaje a cikin shekarun 1990.

Abin da ya kamata ku riƙe game da ita shi ne tana da rai. A saman yashin wata shimfiɗa ta ƙananan halittu tana tsirowa, su ne ke cinye ƙwayoyin cutar da suka zo da ruwa. Shimfiɗar tana ɗaukar kusan kwana 30 kafin ta yi ƙarfi. A cikin wannan wata, a ci gaba da zuba ruwa kullum, amma a tafasa abin da ya fito kafin a sha.

Tun da mai rai ce, sai a bi da ita kamar mai rai. Dole ruwa ya tsaya a kan yashin kamar santimita 5, wato faɗin yatsu uku. Idan ya bushe halittun sun mutu, idan ya yi zurfi da yawa iska ba ta isa gare su. Kada a zuba mata ruwan da aka sa wa kulorin (sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa), ko ruwan zafi, ko na sabulu. A yi amfani da ita kowace rana, a bar ta ta huta aƙalla awa 1 tsakanin zubi da zubi, kada kuma hutun ya wuce kwana 2. Kada a ɗaura famfo ko tiyo a bakin bututunta, kada a ja ta daga inda aka kafa ta.

Idan gudun ruwan ya ragu har ya dame ku, ba a kwashe yashin. A cire murfi da farantin, a tabbatar akwai ruwa a sama, a motsa fuskar yashin a hankali da tafin hannu, a kwashe ruwan da ya gurɓace da ƙaramin kofi, a baje yashin ya daidaita, a mai da farantin. Bayan wannan shimfiɗar tana bukatar 'yan kwanaki ta farfaɗo, don haka a koma tafasawa na ɗan lokaci.

Gawayi da na'urorin famfo

Matatun da ake ɗaurawa a famfo ko a sa cikin jug yawanci gawayi ne a cikinsu. Ba irin na girki ba ne: ana yin sa da ɓawon kwakwa ko itace ko kwal, a gasa shi da tururi mai tsananin zafi har ya cika da ƙofofi. Yana kama kulorin da wari da mummunan ɗanɗano. Amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma cika yake yi. In ya cika, wanki ba ya mai da shi sabo, har ma bakteriya suna iya hayayyafa a cikinsa. Matsalar ita ce ba ya nuna ya gaji, ruwa yana ci gaba da fita kamar kullum. A nan karatunku zai yi muku rana. Ku karanta abin da aka rubuta a kwalin, wata nawa ko lita nawa yake ɗauka, sannan ku rubuta ranar da kuka sa shi a jikin matatar da alƙalamin da ba ya gogewa.

Gishiri da dalma da sauran sinadaran da suka narke cikin ruwa, yumɓu da yashi ba sa cire su, tafasawa ma ba ta cire su. Wannan aikin na'urar da ake kira RO ne, mai matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata. Tana zubar da wani kaso na ruwan, kuma kulorin yana lalata fatar, shi ya sa ake sa gawayi a gabanta. Wanda ya yi sakaci da sauya gawayin zai yi asarar fatar. Mai fitilar UV kuwa, wadda haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta, sai da lantarki da ruwa garau, kuma ana sauya fitilar duk shekara ko da tana ci gaba da haske.

Bayan tacewa

Wasu ƙwayoyin, musamman bairos, ƙanana ne ƙwarai, suna iya ratsa yumɓu da yashi. Idan akwai jariri ko marar lafiya a gida, ko ana fama da annoba, a ƙara da tafasawa: ruwan ya yi ta ɓararraka na minti 1. In kulorin za a sa, bayan tacewa ake sa shi, a bi awon da aka rubuta, a jira minti 30.

Sau da yawa matata tana yin aikinta, sai a ɓata ruwan a wurin ajiya. Mazubi mai faɗin baki wanda kowa ke tsoma kofi a ciki, da yatsun yara, da murfin da aka ajiye a ƙasa, duk suna mai da hannun agogo baya. A ajiye ruwan sha a mazubi mai murfi da famfo ko mai ƙaramin baki, a tsiyaya maimakon tsomawa. Mazubin ɗanyen ruwa daban, na tataccen ruwa daban, a sa wa kowanne alama.

Aikin gida

Ku cika matatarku, ku tara kwalbar lita 1 a bakinta, ku duba agogo. Ku rubuta a littafinku minti nawa ta ɗauka kafin ta cika, da kwanan wata. Ku maimaita bayan mako 2, da irin cikar da kuka yi mata a karon farko, ku zo da lambobin biyu aji mu kwatanta.