Darasi na Tara: Idan mashayin giya ya bari farat ɗaya

Kowa ya san giya tana lalata hanta, tana cinye kuɗin cefane, tana raba aure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 2.6 suka mutu sanadiyyar giya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wanda giya ta riga ta kama jikinsa, idan ya bar ta farat ɗaya ba tare da kulawar likita ba, barin ma yana iya kashe shi.

A ɗauki misalin magidancin da ya shekara goma yana shan burkutu ko giyar kwalba kullum. Allah ya shiryar da shi, ya rantse ya bari. Washegari matarsa ta miƙa masa koko, ya kasa riƙe kofin. Hannu na kakkarwa, koko na zuba a rigarsa, gumi na tsatstsafo masa da sanyin safiya. Dare ya yi, barci ya ƙi zuwa. A kwana na uku ya fara ihu wai ƙwari na bin jikinsa, ga macizai a bango. Ƙanensa ya ce wa matar, "Yaya, wannan ai iskokai ne, a nemo mai ruƙiya."

Addu'a tana da kyau, amma wannan mutum asibiti yake bukata, kuma a ranar.

Ga dalili. Giya tana danne ƙwaƙwalwa. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan ƙara ƙarfi don ta iya aiki duk da dannewar. Kamar mutum ne yana tura ƙofa iya ƙarfinsa, wani yana tokare da ita daga ciki. In na cikin ya kauce kwatsam, mai turawa sai ya kife. Tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe ake fara ganin kakkarwa, gumi da tashin zuciya. Cikin kwana biyun farko wasu kan yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana biyu zuwa uku ne ruɗewa ke zuwa, da zazzaɓi da gane-gane, har mutum ya kasa sanin inda yake. Wannan matakin shi ne mai haɗari.

A asibiti sukan ba da magani irin su diazepam, suna rage shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, tare da allurar bitamin B1. Mashayi ba ya cin abinci sosai, kuma giya tana hana jiki tsotse wannan bitamin. Rashinsa na iya jawo mantuwar da ba ta warkewa. Don Allah kada a je kemis a sayo diazepam a riƙa ba shi a gida. Shi ma yana kama jiki, kuma in ya haɗu da giya yana iya tsayar da numfashi.

Ta yaya za a gane giya ta kama mutum? Likitoci kan yi tambayoyi huɗu. Ka taɓa jin ya kamata ka rage sha? Kana jin haushi idan aka yi maka magana a kai? Kana nadama bayan ka sha? Kana sha da sassafe don jikinka ya daidaita? Wanda ya ce e a biyu daga ciki, ya kamata a duba shi.

Sau da yawa giya ba ita kaɗai take zuwa ba. Wani ciwon damuwa ne ya fara kama shi, ko fargaba ta hana shi barci, ya nemi sauƙi a kwalba. Wani kuma giyar ce ta jawo damuwar, shi ya sa likita kan jira 'yan makonni bayan an bar sha ya ga ko za ta lafa. Amma idan mutum ya ce ya gaji da rayuwa, ba a jira. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi nan take.

Na san kunya ke hana mu. A garuruwanmu mashayi a ɓoye yake sha, iyalinsa kuma suna rufa asiri. To, likita ba alƙali ba ne, kuma aikinsa ne ya riƙe sirri. A gaya masa gaskiyar abin da ake sha da lokacin shan ƙarshe. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Dawanau ta Kano da kuma Maiduguri. In sun yi nisa, babban asibiti mafi kusa ya isa a fara.

Aikin gida: Rubuta alamu uku da ake gani a ranar farko. Sannan rubuta sunan asibiti mafi kusa da garinku, da kuɗin motar zuwa can.