Kurakuran sabon mai barkwanci a dandamali: darasi daga Richard Pryor

Kai kaɗai ne a tsaye, makirufo a hannu, jama'a sun zuba maka ido. Ba fim ba ne balle a ce a yanke a sake ɗauka. Mai son wannan sana'a ya kamata ya san Richard Pryor, mai barkwanci baƙar fatar Amurka da aka haifa a garin Peoria a 1940, don kusan duk ramin da sababbi ke faɗawa, shi ma ya faɗa.

Babban kuskure shi ne aron bakin wani. Pryor ya isa New York a 1963 yana bin salon shahararren mai barkwanci Bill Cosby sau da ƙafa, magana sumul wadda ba ta taɓa kowa. Kuɗi sun shigo, talabijin ta kira shi. Amma a 1967, a otal ɗin Aladdin da ke Las Vegas, ya fito ya dubi mutanen da suka cika wurin, ya tambayi kansa me ya kawo shi nan, ya sauka ya yi tafiyarsa. Kayan aro ba ya rufe katara. Ya koma garin Berkeley a California, kuma da ya dawo dandamali, sai ya dawo da labaran mutanen da ya tashi a cikinsu: kakarsa da ta raine shi a gidan karuwai da take riƙe da shi, mashayin bakin titi, mai wa'azin unguwa. Daga nan ne ya zama Pryor.

Gyaran a hannunka yake. Ka daina haddace na waɗanda kake kallo a YouTube. Ɗauki biro ka rubuta abin da idonka ya gani: yadda gwaggonka ke taya atamfa, ta juya kamar ta tafi, kunnenta na jiran a kira ta.

Kuskure na gaba shi ne gaggawa. Kalmar da ke fasa dariya ita ake ajiyewa a ƙarshen jimla, kuma in an fashe da dariya, ka yi shiru har ta lafa. Ka riƙa gwada sabon zance a ƙaramin taro, ka naɗa a waya, ka saurara, ka zubar da duk inda aka yi tsit.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaukar zagi a matsayin barkwanci. Bafulatani da Babarbare suna tsokanar juna ne don akwai tsohon izini a tsakaninsu. Baƙon da ke zaune gabanka bai ba ka wannan izinin ba. A 2006 mai barkwanci ɗan Amurka Michael Richards ya fusata da wasu da suka katse shi a gidan barkwanci na Laugh Factory, ya zazzaga musu zagin wariyar launi, bidiyon ya bazu, sana'arsa ta dandamali ta mutu. Pryor kansa, bayan ya ziyarci Kenya a 1979, ya bar kalmar cin mutuncin baƙar fata da ya daɗe yana faɗa. In an katse ka, amsa ɗaya gajera ta isa, sai ka koma kan zancenka.

Kuma kada ka nemi maganin fargabar dandamali a kwalba ko ƙwaya. A 1980 Pryor ya ƙone ƙwarai yana cikin mayen hodar iblis, ya yi makonni a asibiti. In gabanka na faɗuwa, maimaita jimlarka ta farko har ta zauna a bakinka, ka sha ruwa, ka hau.